Kwale-kwale Ba Jirgi Ba Ne

Litinin, da hantsi

Baban yara yana nan yadda yake, hannun dama ba ya ɗaguwa, amma ya sha shayi. Auta lafiya lau, ta tafi makaranta. Surukata in an tambaye ta lafiya take cewa, sai dai ba ta cin abinci. Jaririnta yana gudawa, haƙori ne. Ni lafiya. Makanike ban sani ba.

Malamar da ta koya mana rubutu a ajin manya ta ce a riƙa rubuta abu yadda baƙo zai gane. To, Makanike babban ɗana ne. Tun yana ƙarami ba ya barin rediyo bai kwance ba, shi ya sa sunan ya bi shi. Yana aiki a ɗakin injin wani babban jirgin kamun kifi. Yanzu ba ya can. Yana hannun wani jirgin yaƙi na wata ƙasa mai nisa, shi da sauran ma'aikatan. Daga gaɓa ana hango jirgin yaƙin, ruwan toka, ba ya matsowa, ba ya tafiya.

Rediyo ya ce 'yan fashin teku ne. Na kashe kafin Baban yara ya ji.

Litinin, da yamma

Na je kasuwa, na kankare kifi. Aron wuƙa na yi wurin Uwar Surutu, wadda teburinta ke jikin nawa. Ta ce, "Ke kuma? Ina taki mai baƙar roba a ƙota, wadda ko taɓawa ba kya bari a yi?" Na ce ta ɓata. Ta ce, "To Allah ya ji ƙanta, ta yi aiki." Matan suka yi dariya. Ni ma na buɗe baki.

Wuƙarta ba ta ci.

Talata, bayan azahar

Ni da surukata mun je ofishin ƙungiyar ma'aikatan jirgi. Ɗaki ne a saman shagon masu sayar da igiya, da benci biyu da fanka mai kuka. A bango akwai taswira, kusan duk shuɗi ce. Mata sun cika bencin, kowace tana kallon ƙafarta.

Lauyar ƙungiyar yarinya ce, ba za ta girmi surukata ba. Ta ce, "Mama, abin da rediyo ke kira fashin teku da abin da dokar duniya ke kira fashin teku ba ɗaya ba ne. Sai an haɗa abu uku." Ta ɗaga yatsu.

Na farko wuri. Sai an yi abin a can tsakiyar teku, inda ruwan ba na kowace ƙasa ba ne. Ta ce akwai layi, mil goma sha biyu daga gaɓa. Na ce wa ya ja layi a kan ruwa? Ta ce ba a ganinsa, amma na'ura ta san inda yake, kuma su Makanike suna wajensa aka same su. Ta lanƙwashe wannan yatsan.

Na biyu, a ce mutane sun yi don biyan buƙatar kansu, ba da izinin wata hukuma ba. Ta ce za ta yi gardama a kai, amma kada in jingina da shi. Ta lanƙwashe rabi.

Na uku jirgi biyu. Sai mutanen wani jirgi sun far wa wani jirgin. In ma'aikata ne suka juya wa kyaftin ɗinsu baya a cikin jirginsu, laifi ne, amma sunansa daban.

Surukata ta ce, "To mene ne bambancin, tunda duk laifi ne?"

Ta ce in fashin teku ne, duk ƙasar da ta kama mutum tana da ikon tafiya da shi can gida ta yi masa shari'a. In ba shi ba ne, jirgin kifin tutar ƙasarmu yake ɗauke da ita, nan za a miƙo su.

Na ce, "A sake shi?"

Ta ce, "A'a, Mama. Mai yiwuwa a ɗaure shi. Amma a nan."

Su Makanike sun kulle kyaftin a ɗakinsa, suka juyo da jirgi gida, mai ya ƙare musu a hanya. An ce wani ma'aikaci ne ya faɗa ruwa, kyaftin ya ƙi tsayawa. An ce wani abu ne daban. Ban tambaya ba.

Da muka miƙe sai ta ce matsalar ɗaya ce. Kyaftin ya rantse akwai jirgi na biyu. Sojojin ma sun ga wani kwale-kwale ɗaure a jikin jirgin, da suka matso ya yanke igiya ya gudu. Kyaftin ya ce daga cikinsa aka hawo da makami. Ta ce, "Ke da kike bakin ruwa kullum, ba ki ji komai ba?"

Na ce ko akwai ruwan sha.

Laraba, da rana

Ban je ko'ina ba. Na wanke zannuwan Baban yara, na juya shi, na shafa masa mai a baya.

Alhamis, da safe

Na bi ta gidan Kawu. Ƙanina ne, yara ke ce masa Kawu har ni ma na ɗauka. Masunci ne. Inda yake jan kwale-kwalensa ya ajiye babu komai sai gungumen da yake gangaro shi a kai. Ragarsa tana rataye, ta bushe ƙayau.

Matarsa tana tsakar gida da tsohon ciki, tana wanke-wanke. Na ce ina maigidan? Ta ce ya tafi ta'aziyya.

Na ce, "Wa ya rasu?"

Ta ce, "Haba Yaya. Ke ma kin san ba wanda ya rasu."

Ba ta ba ni kujera ba. 'Ya'yanta sun gaishe ni daga nesa.

Juma'a, da hantsi

Wani tunani ya zo mini ina tsaka da kankare kifi, har na yanke yatsa. Lauya ta ce jirgi biyu. Kwale-kwale ai ba jirgi ba ne. Itace ne da inji guda a gindi, ba shi da ɗaki, ba shi da tuta, ko wurin fitsari babu.

Na ce wa Uwar Surutu, "Don Allah, kwale-kwale jirgi ne?"

Ta ce, "Ikon Allah. Kin koyi boko da furfura, yanzu kuma jarrabawa kike mana?" Ta ɗaga murya ta tambayi kasuwa. Mai ƙanƙara ya ce in kwale-kwale jirgi ne, to shi ma baronsa tirela ce. Wata ta ce mijinta da kwale-kwale ya aure ta amma tafiyar mai jirgi yake yi. Aka yi ta shewa.

Na riƙe maganar mai ƙanƙara. Duk hanya ina maimaita ta. Na sayi lemo na kai wa surukata, ta sha rabi.

Juma'a, da yamma

Ina ba Baban yara magani ya ce, da bakinsa da ya karkace, "Jirgin Kawu bai dawo ba?"

Haka muke cewa. Tun ranar da ya saye shi haka muke cewa.

Asabar, da safe

Surukata ta tashi ɗibar ruwa. Ta ce, "Mama, ina jarkokinmu manya guda biyu? Na duba ko'ina." Na ce ta ɗauki bokiti. Auta ta ɗago ta kalle ni, ta mayar da kai kan littafinta.

Jariri ya samu sauƙi. Ni lafiya.

Lahadi, bayan la'asar

Na tsaya a gaɓa. Jirgin yaƙin yana nan, ruwan toka. Na yi ta neman layin da ido, duk da an gaya mini ba a ganinsa.

Litinin, da rana

Lauya ta aiko in zo ni kaɗai.

Ban zauna ba na ce mata kwale-kwale ba jirgi ba ne, kowa a kasuwa ya sani. Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce, "Mama, da ƙananan jirage ake yin yawancin fashin. Ba girman abin za su duba ba. Abin da ya kawo shi za su duba, da lokacin da ya zo."

Na zauna.

Ta ce an turo mata hotunan abin da aka samu. Ta miƙo mini waya. An jera kayan a ƙasa, kowanne da lamba a gefe. Jarka biyu. Buhun burodi. Gwangwanayen kifi. Ta goga hoton da yatsa, wani ya fito. Ta ce, "Wannan shi ne makamin."

Robar ƙotar wuƙar ta fara warwarewa daga ƙasa. Na daɗe ina cewa zan sake naɗe ta.

Na ce, "Gwangwanin ba shi da mabuɗi."

Ban san na faɗa ba sai da na ji. Ta ajiye wayar, ta tashi ta rufe ƙofa, ta dawo ta zauna kusa da ni a kan benci.

Na gaya mata. Makanike ya kira ni, muryar tana yankewa. Ya ce, "Mama, ba ruwa," ya faɗi wajen da suke, layi ya ɗauke. Ban san an kulle kowa ba. Na san dai ba ruwa. A gida da wuƙa muke buɗe gwangwani, shi ya sa na jefa ta a buhu. Wanda na ba wa ya ce nisan ya yi yawa, na ce ɗanka ne.

Ta ce, "Wa kika ba wa?"

Na juya ina kallon taswirar bango. Ba ta matsa ba.

Ta ce ɗana ya gaya wa sojojin wani masunci ne mai wucewa, bai san shi ba. Ba su yarda ba, domin mai wucewa ba ya zuwa da burodin mutum goma. Ta ce in mai kwale-kwalen ya fito ya faɗa da bakinsa cewa ya tarar da kyaftin a kulle, ruwa ya kawo ba faɗa ba, ga kuma kiran da ke cikin wayata, to maganar jirgi na biyu za ta iya faɗuwa.

Na ce in ni na faɗa fa?

Ta ce, "Kin san abin da kika sa a buhu. Ba ki san abin da aka yi a ruwa ba. Zai taimaka kaɗan. Kuma tambayar farko da za su yi miki ita ce wadda na yi miki yanzu, su kuwa ba za su ƙyale ki ba."

Na ce in ya fito za su kama shi?

Ta ce, "Zan tsaya masa. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, ya gudu, kuma sun gani."

Alhamis ta sama za a zauna, mutanen jirgin yaƙi da namu. Bayan zaman jirgin zai tashi. Ko da su a ciki, ko babu.

Litinin, da yamma

Na dafa shinkafa. Ta yi gishiri. An ci.

Talata, da hantsi

Maimakon kasuwa sai na tsinci kaina a motar da ke bi ta gidan yari. Na sauka a can. Doguwar katanga ce da waya a sama, da ƙaramar ƙofa a jikin babba. Mata sun yi layi a inuwar katangar, kowace da kula a hannu. Ana buɗe kular, mai ita ta ɗanɗana a gaban gandiroba, sannan a karɓa.

Wata tsohuwa ta matsa mini. Ta ce, "Sabuwa ce ke? Naki me ya yi?" Na ce bai zo ba tukuna. Ta kalle ni sama da ƙasa. Ta ce, "Kin zo kama masa wuri ke nan?" Na kusa da ita suka ƙyalƙyale.

Ta koya mini abubuwa. Kada a kawo abinci mai ƙashi. Kada a kawo cokalin ƙarfe. A zo da wuri ranar ziyara, in rana ta yi gandirobobi sun fara fushi. Nata ɗan ya shekara shida a ciki. Ta ce ta ga furfurarsa ta farko ta tsakanin waya.

Na ji ina kishinta. Mota ɗaya ce daga gidanmu, ba sai an canja ba.

Yanzu in na ɗaga hannu abin da nake roƙo ke nan, a ɗaure shi a nan. Ban taɓa jin wata uwa ta roƙi haka ba, amma wataƙila ba sa faɗa ne.

Laraba, da safe

Na kankare kifi.

Alhamis, bayan azahar

Na koma gidan Kawu. Wannan karon na ɗauko kujerar da kaina. Na gaya wa matarsa duk abin da lauya ta ce, da yatsu ukun, yadda aka yi mini. Tana ta tsinken ganye ba ta ɗago ba.

Da na gama ta ce, "Yaya, ya ce miki nisan ya yi yawa."

Na ce ya faɗa.

Ta ce, "Ina tsaye a nan ya faɗa. Kika ce ɗanka ne. To waɗannan fa?" Ta nuna yaran da haɓa. "Na wa ne? Wannan na cikin ma na wa ne? Naki ɗaya ne a hannunsu, kina so su zama biyu."

Na ce lauya za ta tsaya masa.

Ta ce, "Ta tsaya wa naki mu gani."

Na ce ko za ta kai masa saƙo. Ta ce ba ta san inda yake ba. Sai kuma ta ce, "Ba ya karatu da sauri. In za ki rubuta ki yi manyan baƙaƙe."

Juma'a, da rana

Auta ce ta gaya wa surukata maganar Kawu. Ban yi mata faɗa ba. Ita ta riƙe mini bakin buhun ranar.

Surukata ta yi wa jariri wanka, ta shafa masa hoda, ta goya shi. Sannan ta zo ƙofar kicin ta durƙusa kamar mai gaisuwa. Ta ce, "Mama, ban taɓa ɗaga miki murya ba, yau ma ba zan ɗaga ba. Ke ɗan'uwanki ne. Ni ba komai ba ne a wurina sai kawun mijina. In kunya ce ta hana ki, ni ba ni da ita. Na san hanyar ofishin."

Na ce ta ba ni zuwa Laraba.

Ta ce, "Ƙasar da za su kai shi, ko sunanta ba mu iya faɗa ba."

Asabar, da hantsi

An bar lauya ta yi magana da su ta waya. Ta ce Makanike yana ci, yana barci, an ba su tufafi. Ya ce a gaishe da Babansa da mai sunan Babansa. Ya ce a gaya wa Mama kada ta yi komai, kada ta ambaci kowa, shi ya san abin da yake yi.

Na ce, "Ya sani?"

Ta ce, "Yana ganin shekara biyu ce ko uku. Ban samu lokacin yi masa bayani ba, aka karɓe wayar."

Asabar, da yamma

Baban yara ya ce in kunna rediyo. Na ce batir ya mutu. Ya ce, "Hannuna ne ya mutu, ba kunnena ba." Tun ranar farko ya sani. Bangon ɗakin kwali ne.

Na zauna a bakin katifa. Na ce to me zan yi? Ya daɗe yana haɗa maganar, yawu yana zuba, ina gogewa. Ya ce, "Duk biyun ke kika goya."

Na jira saura. Babu saura. Ya rufe ido.

Lahadi, da rana

Ban ji komai ba yau. Na taɓa tukunya mai zafi, sai da Auta ta yi ihu na sake.

Litinin, da safe

Wannan shafin zan yage in kai wa matarka.

Kawu, ni ce Yayarka. Ina gaishe ka. Iyalinka suna lafiya, na gan su da idona. Cikin ya sauko, bai fi saura kaɗan ba.

Ba ka yi laifi ba. Ka ce nisan ya yi yawa, ni na tura ka. Da ka ga sojoji ka yanke igiya, ko ni ce haka zan yi. Ɗanka bai faɗi sunanka ba, ya ce bai san ka ba, kuma a kan wannan maganar za su tafi da shi.

Abin da ake so a wurinka kaɗan ne, kuma ba kaɗan ba ne. Ka zo ka ce ka tarar da ƙofar kyaftin a kulle. Ka ce ruwa da burodi ka kai, ni na ba ka. Zan tsaya a gefenka in ce haka ne. Lauya ta ce za ta raka ka, amma ba ta yi alkawarin za ka kwana a gida ba. Na faɗa maka yadda ta faɗa mini, ban rage ba.

In sun riƙe ka, matarka da yara za su dawo wurina. Ɗakina zan ba su. Ni zan karɓi haihuwar. Wannan na iya yi maka alkawarinsa.

In ba za ka zo ba, ba zan zage ka ba, ba zan bari a zage ka a gidana ba. Amma ranar Alhamis zan je in faɗi nawa, su kuma za su tambaye ni wa na ba wa buhun. Na gwada a raina in ce ban san shi ba. Bakina bai ɗauka ba. Na fi so ka shiga da ƙafarka da a zo nemanka a gaban 'ya'yanka. In kuma nesa za ka ƙara yi, gara ka sani tun yanzu, ka samu kwana biyu a gaba. Shi ya sa na rubuto.

Ka aiko mini da amsa kafin Alhamis. Ba sai ka rubuta ba. Ka gaya wa matarka i ko a'a, zan zo ranar Laraba da yamma in tsaya a ƙofa, ba sai ta ba ni kujera ba.